Kabarin Abdullahi Bature da Matattun da Ba Su da Suna

A ƙasar Ingila da Sikotilan akwai wata tsohuwar al'ada. Mutanen ƙauye su kan binne matattunsu a farfajiyar coci, su kafa dutse bisa kan kabari, su sassaƙa sunan mamaci da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Da ya ke mutanen teku ne, da yawa daga cikin 'ya'yansu ba su mutuwa a gida. To, in saurayi ya shiga aikin sojan ruwa, ajali ya same shi a wata ƙasa mai nisa, sai a rubuta sunansa a jikin dutsen ubansa, a faɗi muƙaminsa, da wurin da ya mutu, da yawan shekarunsa, ko da ya ke gawarsa ba ta nan. Bayan shekara ɗari biyu, mai wucewa ya tsaya ya karanta, ya san an yi wane ɗan wane, ya kuma san inda ƙasa ta rufe shi.

In aka ba da wannan labari a majalisa, mutanen ƙasar nan su kan rabu kashi biyu. Waɗansu su ce wannan aikin banza ne na waɗanda ba su san lahira ba, ina ruwan Musulmi da shi. Waɗansu kuwa, musamman waɗanda suka sami abin hannu, su ce ai wayewar kai ke nan, a kawo siminti da farin dutse a gina kaburburan iyaye. Duka biyu sun ɓata hanya. Na farko sun zubar da tsaba tare da dusa, na biyu sun kwashi dusa sun bar tsaba. Labarin wani hafsan sojan ruwa da ya ke kwance a ƙasar Sakkwato ya isa ya nuna haka.

Sunansa Kyaftin Kilafaton, amma a ƙasar Hausa da Barno Abdullahi aka san shi. An haife shi a garin Anan na Sikotilan cikin 1788, ubansa likita ne. Tun yana ɗan shekara 13 ya shiga jirgin ruwa, daga baya ya koma aikin sojan ruwa na Sarkin Ingila, ya yi yaƙi a tekun Hindu, ya yi aiki a manyan tafkunan Kanada. Cikin 1822 ya taso daga Tarabulus tare da Manjo Danham da Likita Udni, wanda shi ma likitan sojan ruwa ne. Suka keta hamada ta Murzuk da Bilma, suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu cikin Fabrairu 1823. A ƙarshen shekaran nan Kilafaton da Udni suka nufo yamma. Udni bai ga Kano ba, ya mutu a Murmur kusa da Katagum cikin Janairu 1824, abokinsa ya binne shi can. Kilafaton ya shiga Kano cikin watan nan, ya isa Sakkwato cikin Maris, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi hannu biyu, Waziri Giɗaɗo ya zama mai masaukinsa. Da zai koma, cikin Mayu, ya biyo ta Zurmi ya shiga Katsina, watau ya ratsa yankin nan da hanyar motar Jibiya ta ke ratsawa yanzu. Ya isa Ingila cikin 1825 da wasiƙar Sarkin Musulmi zuwa ga Sarki Joji na Huɗu.

Bai zauna ba. Aka ƙara masa girma, aka sake aiko shi, wannan karon ta teku. Ya sauka Badagiri, ya kama hanya cikin Disamba 1825. Kafin watan ya ƙare zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu, Kyaftin Fiyas da Likita Morison, a ƙasar Yarabawa. Shi ya wuce ta tsohuwar Oyo, ya ƙetare Kwara a wajen Busa, ya shiga Kano cikin Yuli 1826, ya sake saduwa da Sarkin Musulmi cikin Oktoba. Amma zamani ya juya. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, shi kuwa ga shi ɗauke da wasiƙa da kyautai, har da makamai, zuwa ga Shehun Barno. Sarkin Musulmi ya hana shi wucewa, ya sa aka karɓe kayan. Baƙin ciki ya haɗu da ciwo, atini ya kwantar da shi cikin Maris 1827, ya mutu ran 13 ga Afrilu, yana da shekara 38.

Ba Baturen da ya saura tare da shi sai baransa, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Landa. Landa ya nemi izni, Sarkin Musulmi ya ba da wuri, ya ba da masu haƙa. Aka aza gawar bisa raƙumi, aka lulluɓe ta da tutar Ingila, aka kai ta wani ƙauye kamar mil biyar gabas maso kudu da Sakkwato, wanda Landa ya rubuta sunansa Jungabi. Shi kaɗai ya karanta addu'ar addininsu a bakin rami, sa'an nan ya biya aka gina ɗan ɗaki bisa kabarin.

To, sai mai karatu ya tambayi kansa, me ya riƙe sunan mutumin nan har yau? Ɗan ɗakin ƙasa ba ya jure damina ɗari biyu, kowa ya sani. Farin dutse kuwa Landa bai da shi. Abin da ya ke da shi alƙalami ne da takarda. Ya rubuta ranar da ciwo ya kama maigidansa, da ranar da ya cika, da sunan ƙauye, da nisansa daga birni. Ya tattara takardun mamacin, ya ratsa daji da su har Badagiri, ya kai su Ingila cikin 1828, aka buga su littafi cikin 1829. Dangin Kilafaton suka san sun yi rashi, suka san rana, suka san wuri. Shi kuwa Landa bara ne, ɗan mai gidan baƙi, karatunsa bai fi na wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci da kyau ba.

Masu cewa ina ruwan Musulmi suna da hujja guda da su ke jawowa kullum. Sun ce mutumin nan ɗan leƙen asiri ne, shi ya share wa Lugga hanya, don haka sunansa ma da aka sa wa wata hanya a Sakkwato kuskure ne. Wannan zargi ba sabo ba ne. Tun yana da rai an kai wa Sarkin Musulmi labarin yadda Ingilishi suka shiga Hindu da ɗai-ɗai da bibbiyu har suka cinye ta, kuma Kilafaton da kansa ya rubuta cewa an faɗa masa haka. Gaskiya ne ya zo da wasiƙar sarkinsa a fili, yana neman ciniki da hana sayar da bayi ta teku, kuma tsakanin mutuwarsa da cin Sakkwato a 1903 akwai shekara 76. Amma gaskiya ne kuma, waɗanda suka zo bayansa sun karanta littafinsa, sun san rijiyoyi da zango da tsawon ganuwar Kano tun ba su taso ba. A bar wa masu zargi wannan, sun ci. Sai dai ba su lura ba hujjarsu a kansu ta faɗa. In har rubutun mutum guda, majinyaci, ya isa ya amfani ƙasarsa bayan shekara saba'in, ashe rubutu makami ne. Wanda aka sara da takobi, in yana da hankali, sai ya tafi maƙera. Zagin takobi ba ya warkar da sara.

Kuma su dubi abin da Sarkin Musulmi Bello ya yi. Ya ƙi bari baƙon ya kai wa abokin gaba makami, domin amanar jama'a tana wuyansa. Da baƙon ya mutu, bai ce a jefar da shi ga kuraye ba, ya ba shi ƙasa kamar kowane ɗan Adam. Wanda ya ke ganin ya fi Bello ɗan Shehu kishin addini, sai ya sake lissafi. Shi Bellon nan kuwa ma'abucin alƙalami ne. Cikin 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri, inda ya jera ƙasashe da malamai da yaƙoƙi, har Kilafaton ya tafi da wani yanki nasa Ingila aka fassara, tare da taswirar da aka zana masa a Sakkwato. Waziri Giɗaɗo ya rubuta Raulul Jinani a kan Shehu da jama'arsa. Saboda haka wanda ya ce ajiye suna da rana al'adar Nasara ce, bai san gidansu ba.

Masu siminti kuwa nasu kuskuren ya fi sauƙin kamawa. Hadisi ya inganta a kan hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini bisansa. Abin da aka ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu, shi ne ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kai don ya zama alama. Alama ke nan kurum, ba ado. Mai kuɗin da ya kashe dukiya ya gina kabarin ubansa, in aka tambaye shi shekarar da aka haifi tsohon, ko sunan kakan tsohon, sai ya yi ta sosa ƙeya. Ya kwaikwayi abin da ido ya ke gani a farfajiyar coci, ya manta da littafin da ke cikin akwatin cocin, inda aka rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa. Daga littafin nan mai sassaƙa ya ke samun abin da zai sassaƙa.

Ga misali kusa. Cikin ayarin Kilafaton na biyu akwai wani Bahaushe, mutumin Gobir, sunansa na yanka Abubakar, Turawa suna ce da shi Fasko. An kama shi an sayar, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya yi aikin jirgin ruwa, ya ga duniya, sa'an nan ya zama tafintan Kilafaton, daga baya kuma ya bi Landa da ƙanensa cikin 1830 sa'ad da suka bi Kwara har bakin teku. Wannan mutum ya yi tafiyar da ta kai ta ubangidansa. Amma me aka sani nasa? Sai abin da Turawa suka ga dama suka rubuta, su kuwa yawanci laifinsa suka rubuta, gudu da ɗauke-ɗauke da yawan aure. Bai bar baƙi ko ɗaya da zai kare kansa ba. Gwada shi da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram wanda Likita Barth, watau Abdulkarimu, ya tafi da shi Ingila cikin 1855. Dorugu ya zauna ya faɗi labarinsa da Hausa, wani malamin mishan mai suna Shon ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Har yau ana jin Dorugu da bakinsa, ana jin Abubakar da bakin wasu.

Yanzu sai a komo Jibiya, domin a nan maganar ta ke da nauyi. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo Oshi na Ingila da Kyaftin Tilo na Faransa suka bi daji daga Kwara har Cadi suna kafa alamun iyaka fiye da ɗari, kowace da lambarta, kowace an rubuta inda ta ke a takardar da gwamnati biyu suka sa wa hannu. Layin ya ratsa arewa da Jibiya, ya raba Katsina da Maraɗi, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin wannan, mutanen ƙasashen nan biyu sun yi kusan shekara ɗari suna yaƙi da juna tun daga jihadi. An san Magajin Halidu ya ƙare a Ɗankama, an san Sarki Rauda ya faɗi a Gawakuke cikin 1836 tare da Sarkin Gobir Ali. Dubban talakawan da suka faɗi tare da su, da waɗanda aka kama a gona aka yi arewa da su, ba wanda ya ƙidaya. Dutsen kan iyaka ya sami lamba, ɗan Adam bai samu ba.

Wannan ba tsohon labari ba ne. Ta Magama samari su ke fita da 'yar jaka, su bi ta Ɗan Isa su shiga Maraɗi, daga nan wani ya tsaya ci-rani, wani ya wuce Agadas, wani ya nufi Arlit da Aljeriya, wani Libiya. Hamadar da su ke ketawa ita ce wadda Kilafaton ya keto. Shi da abokansa sun rubuta cewa a bakin wata rijiya kudu da Murzuk sun ga ƙasusuwan mutum fiye da ɗari, bayi ne da ƙishi da gajiya suka kashe. Cikin Oktoba 2013, motoci biyu suka lalace arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, aka tsinci gawa 92, a ciki 52 yara ne, 33 mata, yawancinsu mutanen wajen Kance, ƙasar Hausa. Masu taimako suka haƙa ramuka suka binne su ƙungiya ƙungiya, gwamnatin Nijar ta sa zaman makoki na kwana uku. Waɗannan an gan su an ƙidaya. Wanda ya faɗi shi kaɗai a bayan tudun rairayi, ko ya mutu a asibitin garin da ba a san harshensa ba, aljihunsa ba takarda, shi ke nan ya shiga sahun ƙasusuwan bakin rijiya.

Akwai masu cewa, to, mene ne? Allah ya san bayinsa, ranar tashi ba wanda zai ɓata. Haka ne, ba mai musun wannan. Amma takarda ba don mamaci a ke yinta ba, don waɗanda ya bari ne. Duk wanda ya karanta Risala ya san hukuncin matar wanda ya ɓata. Sai ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, in ba a sami labari ba a yanka mata shekara huɗu, bayan wannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sa'an nan ta sami damar aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. A duba yarinya 'yar shekara ashirin da goyo, ba ta da miji, ba ta zama bazawara ba. A duba gona da ta tsaya, marayu ba su ci ba, 'yan'uwa suna harara a kanta. A duba tsohuwa da ta ke zabura duk sa'ad da mota ta tsaya ƙofar gida. Alhali da abokin tafiya ya rubuta layi uku, wane ɗan wane mutumin gari kaza ya rasu ran kaza a wuri kaza, mu wane da wane muka yi masa sutura, da alƙali ya sami abin da zai kama ya nemi shaidu, da an yi sadakar uku da ta bakwai, da kowa ya san matsayinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, umurni ce a rubuta bashi. In bashin 'yan kuɗi ya cancanci tawada, yaya ran mutum?

Waɗansu kuma tsoro ne ya ke hana su. Tun zamanin ƙidayar haraji da jangali talaka ya ɗauka duk inda aka rubuta sunansa wata masifa na biye. Wannan tsoro yana da asali, amma ya wuce wurinsa. Takardar da uba ya rubuta ya ajiye cikin gafakarsa ba mai karɓar haraji a kanta. Tun 1992 kuma akwai doka a Nijeriya da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan hukumar ƙidayar jama'a. Mutane su kan nemi takardar haihuwa in makaranta ta matsa, amma ta mutuwa sai ran da aka je banki ko kotu aka ce a kawo, sa'an nan a shiga rantse-rantse da neman wanda ya tuna.

Saboda haka aikin ya faɗo kan waɗanda suka fita daga ajin yaƙi da jahilci. Ba a koya wa magidanci baƙi don ya karanta allon kanti kaɗai ba. Kowane gida ya kamata a sami littafi guda, mai bango mai ƙarfi, a rubuta haihuwa da aure da mutuwa, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. A fara da tsofaffin da ke raye, a tambaye su sunayen iyayensu da garuruwan da suka fito, tun ba a wayi gari an rasa mai faɗa ba. In yaro zai ƙetare iyaka, a rubuta ranar da ya tashi, da inda ya nufa, da sunayen abokan tafiyarsa. Shi kuma a ɗinka masa takarda cikin fata kamar laya, da sunansa da na ubansa da garinsa da lambar wayar gida, domin waya ta kan mutu, ta kan kulle, ɓarawo ya kan ɗauke ta, amma ba mai satar sunan wani a takarda. In baƙo ya mutu a gari, liman da mai unguwa su rubuta kamanninsa da abin da aka samu a jikinsa da wurin da aka sa shi, su ba direbobin tasha labari su kai gaba. Wannan duka ba ya cin kuɗin buhun siminti guda.

Baran Kilafaton yana cikin baƙin ciki, zazzaɓi na jikinsa, ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya tsakaninsa da teku, duk da haka ya ɗauki alƙalami ya sauke haƙƙin maigidansa. Abin kunya ne a ce 'ya'yan ƙasar da ta haifi Bello da Giɗaɗo su kasa yi wa 'yan'uwansu na jini abin da bara ya yi wa ubangidansa. A bar wa Turawa duwatsunsu a farfajiyar cocinsu, a bar kabarin Musulmi da tudun ƙasarsa da 'yar alamarsa yadda Sunna ta koyar, amma a sayi littafi a rubuta suna. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, wanda kuwa kwanansa ya ƙare a hanya, Allah ya haɗa shi da mai rubutu. Amin.